Ku Bar Kakanni Su Shiga Ɗakin Awo

Zuwa ga Shugabar ƙaramin asibitin unguwarmu, a nan Kontagora.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da ma'aikatanki, ya aiki, ya fama da jama'a? Allah Ya ba da lada.

Ranki ya daɗe, sunana Talatu, tsohuwar malamar firamare. Ni ce matar nan mai gilashi da ke rako surukarta awo duk ranar Talata, mai gadinku ya tsayar da ita a ƙofa saboda dokarku ta ce masu ciki kaɗai ke shiga. Raina a ɓace yake, amma zan fara da laifina kafin in zo kan naku.

Ladi, matar ɗana, 'yar Dukku ce ta nan jiharmu, yarinya mai kunya. Wata biyu ke nan da ta haifi 'yarta ta fari. Washegarin haihuwa na yi abin da uwata ta yi mini. Na sa ta tatso dakashi, nonon farkon nan mai kauri, a cikin ludayi, na kamo tururuwa na jefa. A wurinmu, in ta fito, nono lafiya lau yake; in ta mutu, mugun nono ne. Ta mutu. Sai na hana jaririyar mama kwana uku, na riƙa ɗura mata madarar shanu da ruwa da cokali. Bayan ta koma kan mama ma ban daina ba ta ruwa ba, don ina ganin ko kaza ba a bari da ƙishi a zafin garin nan.

Kafin ta yi kwana ashirin, gudawa ta kama ta. Maɗigarta ta faɗa, kukanta ya koma kamar na 'yar kyanwa. Muka kawo ta wurinku, kuka sa mata ƙarin ruwa, Allah Ya tashi kafaɗarta. Wannan alheri ba zan manta da shi ba. Sai dai ga abin da ya hana ni yin shiru.

Na farko, kun yi wa wadda ba ta da laifi faɗa. Ta taga na ji wata nas tana yi wa Ladi tsawa a gaban mata, wai an gaya mata nono zalla har wata shida, ta ƙi ji. Ta ji mana! Har ta gaya mini a gida, da muryar da ba ta fi raɗa ba, na ce yaran asibiti ba su san zafin Kontagora ba. Ina tambayarki, a wane gida ne yarinya mai haihuwar fari take kama hannun uwar mijinta ta ce ajiye cokalin nan? Ladi ta sha faɗan nan kanta a sunkuye, ba ta ko ambaci sunana ba. Mai cokalin kuwa tana waje a kan benci.

Na biyu, kuna yi wa wanda ba shi da iko wa'azi. Wata biyar ina zama a gindin bishiyar ƙofarku tare da wasu tsofaffi, muna hira, muna koya wa juna irin kuskuren da muka gada. Mu ne masu dafa ruwan wanka, mu ne masu dama kunun kanwa, mu ne masu cewa abin da zai shiga bakin jariri. Ku da kuka tashi a gidajen nan kun fi kowa sanin haka. Ga shi kuma jawabin naku rabinsa Turanci ne, alhali da yawa cikin matan da Dukanci ko Kambarci suka buɗi baki. In sun fito, da me za su yi gardama da mu?

Na uku, gyaran bai da wuya, shi ne ma ya fi ƙona mini rai. Wata ƙaramar nas ce ta same ni a bakin gadon jikata, ta zauna kusa da ni, ta kira ni Mama. Ba ta yi mini ba'a ba. Ta ce dakashi shi ne rigakafin farko da Allah Ya tanadar wa jariri, kuma yawancin nono ruwa ne, in ana zafi uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ɗan ya samu ta jikinta. Maganar ba ta kai tsawon dafa shayi ba. Da na koma gida na zuba madarar shanu a ludayi, na jefa tururuwa. Ita ma ta mutu. Na koyar da yara shekaru masu yawa, na karanta duk littafin da ya faɗo hannuna, amma ban taɓa tambayar kaina ko tururuwa ta iya iyo ba.

Na je na ba Ladi haƙuri. Ta rufe fuska da mayafi tana kuka, wai bai kamata babba ya ce haka ba. Nonon nata ya ja baya a kwanakin jinya, sai muka zauna tare, ina ba ta kunun gyaɗa, tana ta sa yarinyar a mama ko da ba a samu komai ba, har ya dawo. Yanzu in jikata tana sha, takan kama ɗan yatsana ta riƙe gam, ba ta san shi ne hannun da ya kusa halaka ta ba.

Ba mu tsira ba tukuna. Saura wata huɗu, kuma a ƙarshen watan nan Ladi za ta tafi ganin gida Dukku, inda za ta daɗe. Mahaifiyarta mace ce mai son jikarta kamar rai, kuma ta riga ta aiko cewa ta ji labarin ana kashe yarinya da ƙishi a birni. Ni suruka ce, in na yi magana ta zama rigimar gida biyu. Amma za ta saurari mai farar riga irinki.

Saboda haka ina roƙo. Ku janye dokar ƙofar nan, duk mai ciki ta shigo da tsohuwar da za ta yi mata jego. Ku sami masu jin harsunan ƙasar nan su riƙa fassara. Ku kuma gaya wa ma'aikatanku, kafin su ɗaga wa yarinya murya, su tambaye ta wa ke kula da ita a gida.

Na aika a ɗauko mahaifiyar Ladi a kan babur. Ranar Talata mai zuwa za mu iso tare, tsofaffi biyu da jika ɗaya, kuma ba za mu zauna a waje ba. Ina fatan za ki tarbe ta da kanki, ki yi mata magana a hankali, don ita ma ƙauna ce za ta sa ta ɗauki cokali.

Allah Ya yi miki jagora, Ya albarkaci hannuwanku, Ya raya mana yaran da kuke karɓa.

Wassalam.

Taki,
Malama Talatu, Kontagora.