Ranar da Kika Jefi Fir'auna

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. 'Yarki ce Rakiya, daga New York. Na san gidan waya ba ya kai takarda inda kike. Duk wanda ya karanta wannan ya yi haƙuri, da uwata nake magana.

Wani abu ya same ni ranar Talata, kuma tun daga ranar in na rufe ido ke nake gani a Masar, jini na bin gyalenki. Bari in fara daga can, in ya so in dawo kan Talatar.

Kin tuna shekarar da muka taso daga nan ni da maigidana, muka same ki a Jidda, muka yi aikin Hajji tare. Lokacin ba a daɗe ba da aka zo gida aka ce Yaya Isma'ila, ɗanki na fari, ya rasu a yaƙin basasa. Ba gawa, ba kabari. Wani soja ne ya kawo bargonsa da butarsa. Mata suka cika gida da kururuwa, ke kuwa kika tashi kika hura wuta kika ɗora wa 'yan gaisuwa tuwo. Ɗan fari ne, uwa ba ta yi masa kuka a gaban mutane. Ko yana raye ban taɓa jin sunansa a bakinki ba. "Wancan" kike cewa. In ya yi abin da ya faranta miki rai, sai ya samu ƙarin girma ya zama "yaron nan".

A hanyar komawa jirgi ya ajiye mu a Alƙahira, da kwana biyu a hannunmu. Ni da shishshigina na sa maigida ya samo mana wata tafiya ta yini guda: jirgin sama da sassafe zuwa Luksor, a nuna mana kaburburan Fir'aunoni da gidajen bautarsu, a dawo da mu da magariba. So nake ki ga duniya ko zuciyarki ta yi sanyi. Kika dube ni sama da ƙasa kika ce, "Daga ɗakin Allah sai gidan Fir'auna? Rakiya, boko ya gama da ke." Amma kin ɗaura zaninki kin bi mu.

Ban san kin ƙulle ragowar tsakuwar jifan Shaiɗan a haɓar zanin ba. Wadda kika tsinta a Muzdalifa ta yi yawa, kika ƙi zubarwa.

Ɗan jagoranmu wani siririn Balarabe ne mai laima, bakinsa ba ya hutawa. Sauran duk Turawa ne da kyamarori. Muka haye kogin Nilu a jirgin fito, mota ta kai mu wani kwari da ko tsinken ciyawa babu. Muka gangara cikin dutse, ɗaki na bin ɗaki, bango duk zane, rufin shuɗi da taurari kamar jiya aka shafa. Kika ja min hannu kika tambaya mutum nawa aka binne a nan. Na ce ɗaya. Kika ce, "Ɗaya?"

Da rana ta take aka kai mu gidan bautar. A jikin katangar an sassaƙa sarkin, ƙato, ya damƙi gashin wasu mutane da suka durƙusa, ya ɗaga kulki zai fasa kawunansu. Can ciki kuma ga wani tuli kamar na doya a kasuwa. Ɗan jagora ya nuna da laimarsa yana murmushi, Turawa suna ɗaukar hoto. Kika ce in faɗa miki abin da ya ce. Na faɗa miki gaskiya: hannuwan samarin da aka kashe a yaƙi ne, aka yanko aka tara wa sarki ya gani.

Jifan farko ban gani ba, ƙararsa na ji. Na biyu ya sami sarkin a kumatu. Kina jifa kina kabbara, yadda muka yi a Mina. Wata Baturiya ta ƙwalla ƙara.

Masu gadi biyu suka rugo da gora. Na farkon bai tsaya tambaya ba, ya sauke miki ita a kafaɗa, ya ƙara a goshi. Na ji ƙarar a cikin haƙorana. Inna, ni da na yi karatun jinya, da fararen kayana da Turancina, ban san sa'ad da na kama hannun mutumin nan na gantsara masa cizo ba, sai da na ji gishirin jininsa. Ya yi wurgi da ni, kaina ya bugi dutse. Maigida ya shiga tsakani, suka fasa masa tabarau a fuska. Ke kuwa kina durƙushe, jini ya rufe miki ido ɗaya, kina lalubar tsakuwa a ƙasa.

Sai kika buɗe baki. "Isma'ila!" Katangar ta dawo miki da shi. Kika sake, kika sake, har muryarki ta dushe. Kika ce, "Mai kashe 'ya'yan mutane yana kwance a ɗaki bisa ɗaki, nawa ko tudun ƙasa bai samu ba." Mai gadin ya tsaya da gorarsa a sama. Bai ji Hausa ba, amma ya sauke ta.

Ɗan jagora ya tura mu mota yana ta masifa, mutanen da suka zo kallo kuwa sun samu fiye da abin da suka zo nema. A jirgi na ɗaure miki goshi da ɗankwalina. Kin yi kuka tun daga Luksor har Alƙahira. Da muka sauka kika goge fuska kika ce kada in kuskura in faɗa wa kowa a gida. Daga ranar har Allah Ya karɓi ranki ban sake jin sunan a bakinki ba.

To, ga Talata.

Kin san jikanki, ɗana na fari. Tarbiyyarki na bi, ban taɓa kiran sunansa ba. A takardun makaranta ina rubutawa, amma a baki "kai" ne. Yaron nan a nan ya girma, yana jin Hausa sarai amma da Turanci yake amsawa. Ya taɓa tambayata me ya sa nake kiran ƙannensa da suna ban da shi, ko wani laifi ya yi min. Na ce kunya ce. Ya ce kunyar me? Na ce ya tashi ya ba ni wuri.

Da la'asar yana dawowa daga makaranta, a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a unguwarmu ta University Heights, wasu samari suka tare shi saboda rigar sanyin da ke jikinsa. Ya ƙi cirewa, taurin kanki ya gado. Suka soka masa wuƙa a ciki da ƙarƙashin haƙarƙari, suka tattake shi, suka tafi da rigar. Asibitin da nake aiki aka kawo shi. Na yanke rigar 'ya'yan mutane da almakashi ba adadi a ɗakin gaggawar nan, ban taɓa kallon fuska ba sai na gama da rauni. Ranar ma haka na yi. Takalminsa na fara ganewa.

Na danna raunin da hannu biyu, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna, da zafinsa. Idonsa ya fara juyewa. Likita ya daka min tsawa, ya ce in ɗana ne in kira shi, kada in bari ya tafi. Wallahi Inna, bakina ya buɗe, "kai" ce ta fito. Yaro na mutuwa a hannuna, ni ina kunya.

Sai na gan ki durƙushe a gaban katangar nan. Na ga irin jiran da kika yi, har sai da babu mai amsawa.

Na ce, "Nasiru!" Na faɗa da ƙarfin da ya sa wata ma'aikaciya ta saki faranti. Na sake. A na ukun ya buɗe ido, ya neme ni, ya ce, "Na'am." Da Hausa ya faɗa.

Yana nan da rai. An yi masa aiki, an ɗinke, jiya har ya sha kunu yana ƙorafin babu sukari. Ina zaune gefen gadonsa nake rubuta miki wannan, kuma duk wanda ya shigo sai na ce masa ga Nasiru, ɗana. Matan 'yan uwanmu da suka zo dubiya suna sunkuyar da kai. Su yi ta sunkuyarwa.

Na daɗe ina jin haushin kaina da na kai ki wurin nan aka fasa miki goshi. Yanzu na daina. Ba don na ji ki ranar ba, da ban iya ba.

Allah Ya jiƙan ki, Innata, Ya haskaka kabarinki. Allah Ya jiƙan Yaya a duk ƙasar da ta rufe shi. Allah Ya isar wa kowace uwa a kan masu zubar da jinin 'ya'yanta. Ya haɗa ki da ɗanki a Aljanna, inda babu idon kowa, ki kira shi da sunansa ya amsa miki.

Taki har kullum,
Rakiya, uwar Nasiru