Naira na karɓa, Kawu ya ce sefa zan biya

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, garinmu ƙarami ne, kowa ya san kowa. Don Allah ku ba ni shawara, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni ɗan Jibiya ne, na karanci injiniyancin gine-gine. Lokacin da na samu gurbin jami'a babanmu ya riga ya rasu, ba mu da komai sai gonar da Inna, mahaifiyata, ta gada a Magama, ita ke ciyar da mu. Wani malamina ya ce zai tsaya min in karɓi rance a banki. A lokacin ba a daɗe da ƙaddamar da shari'a ba, kowa na gudun kuɗin ruwa. Da Kawu ya ji, wato yayan Inna, ɗan kasuwa ne mai harka tsakanin Jibiya da Maraɗi, sai ya zo har gida yana faɗa, wai yana raye ɗan ƙanwarsa zai ci bashin riba? Ya ce shi zai ranta min har in gama, ba zai ƙara ko kwabo a kai ba. Wallahi ranar har kuka na yi.

Duk farkon zango sai ya tura ni wurin wani ɗan canji a bakin boda, in gaishe shi, ya ƙirgo naira ya ba ni. Ban taɓa tambayar dalili ba, na ɗauka can yake ajiya.

Na gama, na yi bautar ƙasa, na samu aiki wurin wani ɗan kwangila, muna yin kwalbati da magudanar ruwa. Sunan injiniya ne kawai babba, albashin ba ya kai ƙarshen wata. Abokaina da suka tsaya a sakandare suna kai fetur ƙetare a babur sun yi gida sun yi aure, in na zo wucewa sai su ce ga injiniya mai takalmi ɗaya. Ina dariya amma yana min ciwo. Duk da haka na matse bakin aljihuna, na ɗage maganar aure, har na haɗa abin da na san na karɓa. Na saka a leda, na sayi goro, na tafi gidan Kawu ina jin kamar an sauke min dutse.

Ya buɗe ledar ya duba, ya turo min ita da yatsa ya ce, "Wanga mi ne? Ni sefa na ranta maka, sefa za ka maido mani. Ban ƙara maka ko dala ba."

Ashe sefa, kuɗin Nijar, yake ajiye wa ɗan canjin, shi kuma ya juya ta ya ba ni naira. Tun daga lokacin kuwa naira sai faɗuwa take, abin da na kai bai wuce rabin bashin ba in an lissafa da sefa. Na ce Kawu ni ban taɓa riƙe sefarka a hannuna ba, me ya sa ba ka faɗa min tun farko ba? Ya ce ai ban tambaya ba. Wannan amsar ta fi kuɗin ƙona min rai, mutumin da ya kwana ya tashi a harkar canji, ya san inda abin zai je, ya bar ni ina ta yi masa addu'a a kowace salla.

Na je wurin malamai biyu. Ɗaya ya ce abin da aka ranta shi ake mayarwa, in sefa ce to sefa. Ɗayan ya ce abin da ya shiga hannuna shi ne bashina. Ɗan canjin kuma ya ce kada in sa shi a rigimar dangi, a kasuwar Kawu yake cin abinci.

Na zauna na auna, da wannan albashin in naira ta ci gaba da sauka, ina biya bashin yana gudu a gabana. Kawu ya ce akwai mafita, in bar aikina in dawo in kula masa da ginin rumbunan ajiyarsa ba albashi, yana rage bashin a hankali. Na tambayi nawa zai rage a wata, ya ce in bar wannan a hannunsa. Na ce gara mu je gaban alƙali, duk abin da aka yanke na yarda.

Da Inna ta ji maganar kotu ta kira ni ɗaki ta ce, "In ka tsaida yayana gaban alƙali, ban yafe ba." Shekaranjiya ƙanwata ke faɗa min Inna ta aika wa dillali ya nemo mai sayen gonar, don ta biya yayanta a rufe maganar. Ranar kasuwa mai zuwa za a je ganin gonar.

To jama'a, in kai ƙara in rasa albarkar uwata? In ajiye aikin in koma yaron Kawu ba ranar fita? Ko in yi shiru a sayar da abin da take ci, saboda digirin da har yau bai saya mata ko buhun gero ba?