Mita Uku na Yashi

Zaitawa, Kano
Oktoba, 1979

Zuwa ga Yaya Maharazu,

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci, ina fata kana lafiya, kai da Sa'ida da yara. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Baba, ya haskaka makwancinsa. Mu nan lafiya lau. Soja sun koma bariki, kowa a unguwa ya zama ɗan siyasa, Inna ce kaɗai ba ta san an yi canji ba, tana takaba.

Na samu saƙonka cewa a cike rijiyoyin rinin Baba na bayan gida a gina shaguna. Ɗan kwangilar da ka turo ya zo da tabarau da sabon takalmi, ya leƙa daga nesa, ya ce shi yashi a kubik mita yake sayarwa, a faɗa masa nawa. Kawu Audu ya ce abin da ya sani, babbar rijiyar garwa ɗari da sittin da biyar take sha. Sai kowa ya juyo gare ni, tunda ni ce mai digiri. Garwa guda kwat goma sha shida ce, kwat ɗari takwas da tamanin kuma mita guda. Na buga, na raba. Mita uku, Yaya. Ramin da ya ciyar da mu, ya kai ka Ingila, bai cika tifa guda ba. Ɗan kwangilar har ya yaba mini saurin lissafi.

Sauran rijiyoyin sun bushe, amma babbar tana da rai. Baban rinin da mahaifinmu ya jiƙa kafin ya kwanta ciwo har yanzu yana kumfa, Kawu na motsa shi kullum da safe. Da na kai wa Inna lissafin, ba ta dubi takardar ba. Ta ce in gaya maka an binne mata Baba sau ɗaya, ba za a sake ba tana raye. Ban tambaye ta wanne take nufi ba.

Na san ba mugunta ce ta sa ka ba, ka ga gida na zubewa ne. Amma abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Ka cike sauran, ka bar mata wannan. Na sallami ɗan kwangilar da sunanka, ka yafe mini.

Inna da Kawu da ƙanwarmu 'Yardada suna gaishe ku. Zan koma bakin aikina a Zariya yanzu, Inna ta tura ƙyauren ɗakinta don kada ta ga fitata.

Ƙanwarka,
Hassana