Takalmin Yaya Dabo Ya Daina Shiga

Zuwa ga ƙanwata Aina'u,

Assalamu alaikum. Ya karatu, ya mutanen Kano? Mu nan lafiya lau, mun cire gyaɗa, ta yi albarka.

Wani abu zan tambaye ki. Takalmina na sallah ya daina shiga, zobena ma sai da maƙeri ya yanke shi. Maiɗakina Larai ta ce muryata ta yi kauri irin ta marigayi Baba kafin ya makance. Ga ciwon kai kullum. Ni dai na ce ƙiba ce.

Yayanki, Dabo

Yaya Dabo,

Wa alaikumus salam. Ina gaida kowa da kowa.

Ba ƙiba ba ce. Ina zaton ƙari ne a wata 'yar tsoka da ke ƙasan ƙwaƙwalwa, mai sarrafa girman jiki. Ana gadonsa, kuma saboda Baba na zaɓi yin bincike a kansa a karatuna. Kowa yana da ƙwayoyin halitta biyu masu hana ƙarin, ta uwa da ta uba. Wanda ya gaji ɗaya a lalace, ɗayar ce ke tsare shi. To akwai wasu mitsi-mitsin abubuwa a jiki, maikro-RNA, muna zaton su ne ke rufe wa mai lafiyar baki, sai ƙari ya samu hanya.

Na Baba ba a gane da wuri ba. Ka shigo motar Ɗanbatta ranar Litinin, kada ka ce sai an gama sussuka.

Taka, Aina'u

Aina'u,

Bayan gaisuwa, na iso gida lafiya. Mutane sun ƙi yarda cewa ta hanci aka yi mini aikin cire ƙarin, kowa sai ya laluba kaina yana neman ɗinki. Ciwon kai ya tafi, ido garau. Likita ya ce yatsun ba za su koma yadda suke ba. Ba komai, suna riƙe fartanya.

Jinina da kika nema don bincikenku, na ba ki. Larai ce dai ba ta barci tun da aka ɗebi na 'yarmu Hafiza. Ke kuma fa? Ai Babanmu ɗaya.

Allah ya yi miki albarka.
Dabo

Yaya,

Barka da arziki. Ni ma na gada. Duk shekara ana auna ni, har yanzu shiru, hankalina kwance.

Sakamakon Hafiza ya fito jiya. Ba ta gada ba. Ka ce wa Larai ta yi barcinta.

Ƙanwarka, Aina'u