Gareji Biyu, Oga Ɗaya

Assalamu alaikum, Hajiya.

Bayan gaisuwa mai yawa, da roƙon Allah Ya haskaka makwancinki. Yau Juma'a. Ƙafar nan ta sake kumbura, a zaune na yi salla, tarin ma yana nan. Shekara huɗu da rasuwarki, har yanzu ke nake kai wa ƙara.

Kin tuna kamfanonin bas guda biyu na hanyar Keffi, waɗanda garejinsu ke kallon juna a Masaka? Duk ranar da oga ya wulaƙanta ɗanki, sai ya ɗauki akwatin kayan gyaransa ya tsallaka titi, can su karɓe shi hannu bibbiyu. Ke kuwa kina ta faɗa, "Yaron nan ba ya zama wuri ɗaya." Ashe titin nan ne mutuncinsa.

To, kamfanonin sun haɗe. An yi walima a Maitama, an yanka kek, ana ta yabon arzikin da ya zo da mulkin farar hula. Wata bai ƙare ba aka ce kanikawa sun yi yawa, aka sallami ɗanki. Ya tsallaka titi, ya tarar da sanarwa mai sa hannun ogan da ya kore shi manne a ƙofa. A unguwar kanikawa ta Apo kuwa masu gyara sun fi motocin yawa.

Na zaro tsohuwar tafiretata na buga takardar koke, kwafi uku, yadda aka koya mana a aikin gwamnati. Tambayata ɗaya ce. In doka ta hana kamfani guda ya mamaye kasuwa don kada ya matse mai saye, shi mai sayar da ƙarfinsa fa, da ya wayi gari mai sayensa ɗaya ne tak?

Kin san wa na tarar a kujerar darakta, a ofishin da ya amince da haɗewar? Sabo. Sabon da na koya wa ɗaure fayil, wanda ya yi shekara biyu yana cin tuwonki kafin ya yi aure. Ko miƙewa bai yi ba. Takardata a hannu ɗaya, salula a ɗayan, ya ce, "Baba, kuɗin mota ya tashi ne? In bai tashi ba, babu ruwan dokarmu. Kora ta ofishin ƙwadago ce." Can kuma aka ce haɗewa ba tasu ba ce.

Digiri biyu daga ƙasar waje, Hajiya, abin da ya koyo ke nan: fasinja mutum ne, bakanike kuwa tsohuwar taya. Tir da wannan karatu.

Shi Sabo, da ya ga ƙafar nan ta hana ni tashi daga kujerar ofishinsa, sai ya ce zai sake dubawa, zai zo da kansa yau bayan masallaci. Ɗanki ya ce in babu labari, jibi zai kwashe iyalinsa zuwa Fatakwal, har da takwararki. Ban hana shi ba. Amma kin san su kaɗai suka rage mini. In sun tafi, daga ni sai tabarmar sallarki.

Allah Ya jiƙanki, Ya yafe mana, Ya sada mu a Aljanna.

Naki har gobe,
Isa.

An kira magariba. Tun azahar nake zaune cikin babbar rigar da kike so, shayin da aka dafa wa baƙo ya huce. Sabo bai zo ba. Ina jin ana ɗaure kaya a ɗakin ɗanki.