Salular da Kika Bar Mini

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya Agadas, ya maigida da yara? Nan Gazawa lafiya lau.

Yaya, salular nan ta mutu, wadda kika naɗa mini muryarki kina karanta littafinmu na soyayya. Mai gyara a Agiye ya ce na yanzu jefarwa ake yi. Na nemi dabara a intanet da wayar maƙwabciya, tallan sababbi kawai ke fitowa. Ga rediyon Baba da ya girme ni, har yau yana ta zancen zaɓe.

Karatu ni kaɗai ba daɗi. Ki sa ni a addu'a, ki gaida kowa. In kin kira Inna, ki ce a ba ni, ko shafi ɗaya ki karanta mini.

Ƙanwarki,
Zulai