Waƙoƙin da Inna Ta Ce a Goge

Zuwa ga aminina Nafi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa kana cikin rahamarsa. Wasiƙar nan na fara na fasa, na sake farawa. Ka san halina. A kan maganar faifanmu ne.

Ka tuna sitonmu na unguwar Al Khabaisi a nan ƙasar Larabawa, inda muke haɗuwa ran Lahadi idan an rufe ofishinmu na kago, inda muke aika kayan 'yan kasuwa. Muka jera tsofaffin katifu da kwalayen takalma a jikin bango don kada maƙwabta su kai ƙara. Rudi ɗan Filifin a kan ganga, Kwesi ɗan Gana da ƙahonsa, ni da gita, kai da murya.

Kai ka koya mini ska, kiɗan nan na Jamaika mai tsalle-tsalle. Hannuna ya ƙi, kullum tare da ganga nake faɗawa. Kakan ce, "Habu, bar ganga ta wuce tukuna. Kai ɗan rakiya ne."

Ba wani kamfani a bayanmu. Mu muka ɗauki waƙoƙin, mu muka gyara. Kaɗan muka saki a intanet, har 'yan kasuwar Naif suka sa maka suna Tauraron Kago. Sauran muka ce sai ka dawo daga hutu a Zariya. Ba ka dawo ba.

Bayan an share makoki Innarka ta kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Habu, ka taimaki ɗan'uwanka. A goge waƙoƙin nan, kada su riƙa bin sa kabari."

Na ce mata to. Waɗanda ke intanet a ranar na cire su. Rudi bai gane ba. Ya ce su a wajensu idan mawaƙi ya mutu ƙara sauti ake yi. Turancina bai kai in yi masa bayani ba, khalas kawai na ce masa, wato shi ke nan.

Waɗanda ba mu saki ba su suka tsaya mini a wuya. A kwamfutata kaɗai suke, in na goge sun tafi ke nan. Na tambayi wani malami a unguwar Deira ya ce in goge, na tambayi wani ya ce ba dole ba ne. Na dawo gida da amsa biyu, na fi da rikicewa. Da kana nan da ka yi mini dariya.

Daga ƙarshe na yanke in saurari kowace sau ɗaya, sannan in cika wa Inna alkawari. A tsakiyar waƙar nan ta jirgin fiton abra sai na ji wayarka ta yi ƙara. Ashe ranar ba mu kashe na'urar ɗaukar sauti ba. Ka ce mu yi shiru, ka sassauta murya kamar yaro, ka ce, "Na'am Inna. Lafiya lau. Na ci abinci, Inna, na ci." Alhali tun safe shayi kawai ke cikinka. Ana jin Kwesi yana danne dariya.

Wannan guntun na yanko, babu ganga babu ƙaho, na tura mata. Na kwana ina tsoron ko na yi kuskure. Washegari ta aiko da saƙon murya, ta ce, "Wannan ba waƙa ba ce. Bar mini shi."

Sauran na goge, Nafi'u. Ban san ko na yi maka daidai ba. Amma ban iya ce wa Inna a'a ba, kai ma ba ka taɓa iyawa ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ya ba Inna haƙuri, Ya kyautata tamu idan ta zo.

Naka har kullum,
Habu